Turaren Wuta: Na Sunna Da Na Kiran Iskoki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan turaren wuta, domin abu ne da ke cikin kowane gida, amma kuma ta kansa waɗansu ke faɗawa cikin halaka ba su sani ba.

Da farko, mu sani ƙanshi abin so ne a Musulunci. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan yi turare da itacen udu, wani lokaci ya haɗa da kafur, ya kuma shaida cewa haka Manzon Allah (S.A.W.) yake yi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ya yi umurni a tsabtace masallatai a kuma turara su. Har a cikin tabi'ai akwai Nu'aimu, almajirin Abu Huraira, wanda ake yi wa laƙabi da Almujmiru saboda aikin turara masallacin Madina. Saboda haka uwargidan da ta zuba hawi ko sandal a kasko don ɗakinta da tufafin maigidanta, ta yi abin lada in ta kyautata niyya.

To, ina aibin yake? Aibin yana ga wanda aka nufa da hayaƙin. A wajen girka, 'yan bori sukan turara marar lafiya, ana kaɗa garaya ana kirari, har a ce Ɗan Galadima ko Inna ta hau. Haka masu zar suke yi a Sudan da Masar, inda kowane iska yake da irin turaren da ake ce yana so. Haka kuma Gnawa na Maroko suke ƙona jawul a darensu na kiran iskoki. Kaskon ɗaya ne, garwashin ɗaya ne, amma a nan turaren ya zama goron gayyata da hadaya ga wanin Allah, kuma wannan ƙofa ce ta shirka.

Allah ya ba mu labari a Suratul Jinni, aya ta 6, game da mutanen da suka riƙa neman tsari daga aljannu, sai aljannun suka ƙara musu wahala da ɓata. Malaman tafsiri sun ce Balaraben jahiliyya in dare ya riske shi a wani kwari, sai ya nemi tsarin shugaban aljannun wurin. A Suratu Saba'i kuma, aya ta 14, aljannu sun ci gaba da yi wa Annabi Sulaimanu bauta bayan ya rasu, ba su gane ba sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi. Wanda bai san gawar da ke gabansa ba, ta yaya zai gaya maka abin da gobe za ta haifa?

Abin baƙin ciki, ba a fagen bori kaɗai abin ya tsaya ba. Akwai masu rawani da carbi waɗanda za su rufe ɗaki su tada hayaƙi, su ce aljani ya bukaci turare kaza da baƙin bunsuru kafin ya saki yarinya. Ana nan ana kashe kuɗi, alhali wataƙila farfaɗiya ce ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wanda da an kai ta asibiti da wuri da an samu sauƙi. Ga asarar dukiya, ga asarar lafiya, ga kuma gargaɗin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa boka da tambaya ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Irin wannan gaurayen ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi a kansa, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kuma tura jajinta ƙauyuka don ilmantar da mata.

Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne. Kafin ka zuba turare a wuta, tambayi zuciyarka: don wa? In don ƙanshi ne ko magani sananne, bismilla. In kuwa don a kira wani ɓoyayye ne ko a lallashe shi, to kashe garwashin, ka riƙi Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ka nemi likita.

Allah ya tsare mana imaninmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.