HAKKIN GAJIYAYYU A KAN JAMA'A

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a ƙauyukanmu na ƙasar Makarfi, Ikara da Kudan, irin su Dandamisa, samari suna tafiya neman kuɗi Zariya da Kano, a bar tsohuwa ko makaho ba mai ɗebo masa ruwa. Shin ya halatta jama'a su gina wa irin waɗannan gida guda, kowa da ɗakinsa, su yi tarayya a rijiya da madafa da makewayi, kamar gidan gajiyayyu na Shahuci a birnin Kano?

Amsar kashi biyu ce. Wanda yake da hali, bai halatta ya kai iyayensa can don ya huta ba. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah Ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Shi, Ya hana ko da ƙosawa da su idan sun tsufa.

Amma wanda ba shi da kowa, ɗaukar nauyinsa farillar kifaya ce. Idan wasu suka yi, ta faɗi a kan saura. Idan aka bari, zunubin yana kan gari duka. Ahlus Suffa a Masallacin Madina suke kwana, Sahabbai suna ciyar da su. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715 Miladiyya, ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, ya yanka wa kutare abin masarufi don kada su yi bara.

Sai dai a lura, a mazhabar Imamu Malik ba a yin gini da zakka, hannun mabuƙaci ake danƙa ta. Saboda haka fili da gini su fito daga wakafi da sadaka, zakkar masara da dawa kuwa a ba mazauna gidan. A gina shi kusa da masallaci, ba bayan gari ba, a raba sashen maza da na mata, a riƙa shawara da su. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma shi Annabi (S.A.W.) yakan bar wa riƙon Madina.

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, Ya sa tsufanmu ya yi kyau, amin. Wassalamu alaikum.