In An Wulaƙanta Ka Wajen Neman Aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ga shi ka je intabiyu da takardunka. An shanya ka tun safe har azahar. Da ka shiga, mai tambaya ya dubi gemunka ya yi dariya, ya ce ko limanci ka zo nema. To, yaya za ka yi?

Na farko, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ka kame bakinka. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke nuna jarumta ba a kokawa take ba, a danne fushi take. Kai ba ka kai Annabi Musa ba, wannan mutum kuma bai kai Fir'auna ba. Amma duba Suratu Ɗaha, aya ta 44: magana mai taushi aka umarci Musa da Haruna su yi wa Fir'auna.

Na biyu, haƙuri ba ƙasƙanci ba ne. Kada ka durƙusa masa, kada ka yi ƙarya, kada ka ba da cin hanci. Annabi Yusufu da bakinsa ya faɗa wa sarkin Masar abin da ya iya. Kai ma ka ce, "Yallaɓai, a tambaye ni kan aikin." In cin mutuncin ya ƙi ƙarewa, ka yi sallama ka fita.

Alƙalami ne kawai a hannunsa, arzikinka yana wurin Allah. Gobe kuma in kai ne a kan kujerar, ka tuna da yau.

Allah Ya ba mu halaliyarmu cikin mutunci, amin.