Katin da ke Aljihun Auta

Da kodin Auta ya fara. Da gwamnati ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, sai ya koma tiramol, wai don ya iya tuƙa a-daidaita-sahu tun asuba har dare. Sai da abin ya ci ƙarfinsa mahaifiyarsa Hajiya ta sa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ta ce akwai magani mai suna naltrexone, ƙwaya ɗaya ta miligiram 50 kullum. Yana toshe inda tiramol da kodin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, ko an sha ba za a ji komai ba. "Amma sai jiki ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ko ɗaya daga cikinsu. Yaushe rabonka da sha?"

Auta ya saci kallon mahaifiyarsa. "An fi sati biyu, likita."

Shekaranjiya ne. Kunyar uwa ta sa shi ƙarya, ƙaryar kuwa ba ta kai la'asar ba. Bai yi awa guda da haɗiye ƙwayar ba gumi ya karyo masa, ga amai, ga gudawa, ƙafafu na murɗawa. Maganin ya fizge ragowar tiramol daga mazauninsa lokaci guda, wahalar da za ta zo sannu a hankali ta sauko gaba ɗaya. Kwana biyu ya yi a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa.

Da aka sake farawa bisa ƙa'ida, likita ta ba shi wani ɗan kati mai sunan maganin, ta ce kada ya rabu da shi. Ta kuma ce in ya ga idonsa ya yi ɗorawa ko fitsarinsa ya yi duhu ya dawo nan take, don maganin kan taɓa hanta.

Bayan wata huɗu wata mota ta gogi kekensa, hannu ya karye. Kafin a samo abin hawa, wani tsohon abokin shansa ya tsuguna kusa da shi da ƙwayoyi a tafin hannu.

"Watsa huɗu, mutumina. In biyu ba su kama ba, huɗu za su kama."

Zafin ya kai inda Auta ya miƙa hannu. Yayarsa da ta iso a guje ta buge ƙwayoyin suka watse a kwata.

A asibiti ita ta zaro katin daga aljihunsa. Likitan da ke bakin aiki ya karanta, ya ajiye allurar da ya ɗauko, ya sa aka kashe hannun da wata daban. Da ya ji labarin ƙwayoyin sai ya girgiza kai. Ya ce mai neman ya rinjayi maganin da yawan ƙwaya yakan yi ta ƙarawa bai ji komai ba, har numfashi ya tsaya. Ya ce ko bayan an daina naltrexone, jiki ya riga ya manta da tiramol, adadin da mutum ya saba sha a da yana iya kai shi kushewa.

Hajiya ta ce, "To likita, in tari ya kama shi fa?"

"Ku nuna wa mai kemis katin tukuna, Hajiya, kafin ya miƙo kwalba."