Ƙuri'ar ɗan Sabo ta waye?

Da zarar zaɓe ya ƙarato sai a fara jin maganar nan a majalisu: "Mu baƙi ne, mu bi a hankali." Wasu har su ɗaure kaya su nufi Arewa, sai ƙura ta lafa su dawo. Amma fa tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan. Mutumin da aka binne kakansa a garin nan, yake biyan kuɗin rumfa a kasuwa duk shekara, yaya za a yi ya zama baƙo ranar zaɓe kaɗai?

Doka ba ta san wannan baƙuntar ba. Sashe na 77 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk ɗan ƙasa mai shekara 18 damar yin rajista, sashe na 42 kuma ya hana a ware mutum saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Wanda ya yi kati a Kano yana iya neman INEC ta maido masa da shi nan. Hujjar a fili take: wanda za ka zaɓa shi zai gyara kwatar ƙofar gidanka ko ya rushe kasuwarka. Mun ji yadda aka razana 'yan ƙabilar Ibo a wasu rumfunan Legas ranar 18 ga Maris, 2023. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai akwai haƙƙin da mu da kanmu muke dannewa, wato sirrin ƙuri'a. Ɗan takara ya zo gaisuwa wajen manya, a yi masa alkawarin "ƙuri'un Sabo" sai ka ce huhun goro. Maigida ya tara katunan yaran shago da na matan gida a aljihunsa. Za a ce ai haɗin kai ne, tsiraru in suka rarrabu ba mai kula su. Gaskiya ne, kuma ba mu raina shawarar dattawa ba. To amma shawara daban, tilas daban. In muka yarda maigida ya leƙa takardar yaronsa, da wane baki za mu hana ɗan daba ya leƙa tamu?

Sauran haƙƙoƙin sanannu ne. Wanda lokacin rufewa ya same shi a layi sai ya jefa tasa, makaho ya zo da wanda ya amince da shi, kuma muna iya tsayawa a ƙirga a gabanmu, a liƙa sakamakon a jikin rumfa. Na katunan nan ne ba jami'in da zai shiga gidajenmu ya ƙwato mana.