Wanda Ya Riƙe Sarki

Ni ba ɗan caca ba ne. Aikina rubuta manhaja, kuma ta ƙofar aikin na leƙa wasan kartar Amurkawa da ake kira foka. A watan Janairun 2017 wata manhaja mai suna Libratus, wadda masana jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta yi kwana 20 tana karawa da gwanaye huɗu a birnin Pittsburgh, ta cinye su bayan rabo 120,000. Na shiga karanta yadda aka gina ta, sai na ɓige da sauraren bakin 'yan wasan. Sunayen da suke laƙaba wa katunansu sun bar ni da tambayar da ba ta karta ba ce: wa ya fi zama cikin haɗari, wanda ba shi da komai, ko wanda ya kusa mallakar komai?

A salon da ake kira Texas Hold'em, ana ba kowa kati biyu a rufe daga cikin 52, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur don amfanin kowa. Sunayen da ake ba katunan hannu iri biyu ne.

Na farko kirari ne. Mai katin A guda biyu yana riƙe da "rokoki". Mai sarki biyu yana da "kaboyi". Hannu mai ƙarfi sosai "dodo" ne, marar amfani kuwa "tsumma", ko ma "iska" idan babu komai a cikinsa. Akwai haɗin 10 da 2 da ake kira Doyle Brunson, saboda da shi mutumin ya lashe gasar duniya a 1976, ya sake a 1977. Duk waɗannan sunaye hannunka kaɗai suke kallo. Amma lissafi ba ya jin kirari. Rokokin nan sau ɗaya ake samunsu cikin rabo 221, kuma ko da mutum ɗaya ka kara, mai riƙe da katin da ya faɗo masa kawai, za ka sha kaye kusan sau 15 cikin 100.

Iri na biyu awo ne. Babbar kalmarsu ita ce nuts, wato hannun da babu abin da zai doke shi bisa abin da ke shimfiɗe a tebur a wannan lokacin. Ba wasu katuna sanannu ba ne. Da an buɗe sabon kati, sarautar na iya komawa wani gida. Ba ka isa ka furta kalmar ba sai ka lissafa duk abin da wani zai iya riƙewa.

Ƙanin wannan hannu shi ne ya tsaya mini a rai: na biyu a ƙarfi. A ce 2 da 7 da 10 ne a tebur, duka masu tambarin zuciya. Kana riƙe da sarkin zuciya da wata zuciyar, ka haɗa biyar masu tambari ɗaya. Mutum ɗaya tak ya fi ka: mai A ta zuciya da wata zuciyar. Mai iska ya ajiye katinsa tun da wuri, asararsa kaɗan. Kai kuwa za ka tura duk abin da ke gabanka, domin kusan kullum kai ne da nasara. Ranar da ba kai ba ne, ranar za a kwashe ka tas. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Na taɓa riƙe wannan sarkin a wurin aiki. Na rubuta tsarin biyan kuɗi, na gwada shi ta kowace hanyar da ta zo mini, ya tsallake. Wata ƙaramar ma'aikaciya ta ce, "Yallaɓai, idan mutum ya danna sau biyu a daƙiƙa ɗaya fa?" Na yi murmushin manya na wuce. Cikin mako guda aka cire wa wasu mutane kuɗi sau biyu, ciki har da masu ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Da sabon shiga ne ni, da tsoro ya sa na tsaya na duba. Ana cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni dai babban sanin da ya rage saura ƙiris ne ya ɗaure ni.

To, laifi ne mutum ya amince da ƙarfinsa? 'Yan foka suna da adalci a nan. Idan mai ƙarfi ya ci karo da wanda ya fi shi ta yadda kowane mai hankali zai faɗa, suna kiran abin cooler, ba sa zarginsa. Ba kowace faɗuwa ce sakaci ba, kuma wanda ke jiran tabbas ɗari bisa ɗari ba zai taɓa motsawa ba. Abin da suke tuhuma shi ne wanda bai ko tsaya ya tambayi kansa me zai iya doke shi ba. Tawa ba ƙaddarar da ta fi ƙarfina ba ce. An nuna mini katin da ya fi nawa, na ƙi kallo.

Haka abin yake a gardamar gida, a hukuncin da muke yanke wa maƙwabci, a saƙon da muke turawa gaba a waya saboda ya dace da abin da muka riga muka yarda. Hujjarmu takan kasance mai kyau, shi ya sa muke jingina zumunci da mutunci a kanta. Kirari muke mata maimakon mu auna ta.

Yanzu kafin in saki kowane aiki, ko in ɗaga murya a kan wani, nakan tambayi kaina abu ɗaya: idan na yi kuskure, me ɗayan yake riƙe da shi? Sau da yawa amsar tana bakin wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ɗakin.