Tsakanin Bulala da Magani: Shin Mashayi Mai Laifi Ne Ko Majinyaci?

Wata rana bayan an sauko daga sallar La'asar, ina zaune a zauren wani malami a garin Zurmi, almajirai suna ɗaukar darasin Risala ɗaya bayan ɗaya, sai ga wata tsohuwa ta tsaya daga bakin ƙofa, ta tuɓe takalma, ta durƙusa, ta yi gaisuwa har sau uku kafin ta iya faɗin abin da ke tafe da ita. Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, yaron nan nawa ne dai. Na sai da akuyata na biya mai bashi, ya dafa Alƙur'ani ya ce ya bar ƙwaya, kwana tara ya koma. Ubanai ya ce ya sallama shi ga duniya. To ni mi za ni yi? In yi mai baki, ko in kai shi mari?" Malam ya daɗe yana jan tasbaha bai tanka ba, sa'an nan ya ce, "Inna, kada ki yi mai baki, kada kuma ki sa mai ƙarfe. Ki zo da shi gobe in gan shi."

Tun daga ran nan tambayar tsohuwar nan ba ta bar zuciyata ba, domin kuwa idan mutum ya tuɓe mata rigar ƙauye ya dube ta da idon basira, zai tarar ita ce mas'alar da fuƙaha'u da likitoci suka daɗe suna kai kawo a kanta: shin wanda shaye-shaye ya kama mai laifi ne da ya cancanci uƙuba, ko kuwa majinyaci ne da ya cancanci jinya?

Al'amarin ya wuce gida ɗaya ko gari ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye cikin shekara guda a Nijeriya, ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce, ɗaya daga cikin kowane biyar kuwa abin ya riga ya zame masa ciwo. Jihar Zamfara, wadda ta riga kowace jiha ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, ta rufe mashayar giya, ta kori masu ita, amma sai ga maye ya sake shiga, ya dawo cikin kwali mai tambarin magani, ba wari, ba tangaɗi, yana zaune a aljihu ɗaya da tasbaha. Ko da gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018, tiramol da roci da wiwi da sholisho ba su bar kasuwa ba.

Wanda ke so ya san mafarin abin, ya tsaya wurin mai shayi a tashar motar Ƙaura Namoda da asuba. Garin nan, tun da layin dogo ya iso shi a 1929 ya zama matattarar gyaɗa da auduga, gari ne na masu neman halali da ƙarfin damtse. Na taɓa ganin wani ɗan dako a can, saurayi ne da bai fi shekara 20 ba, ya ɓare ƙwaya biyu daga takardarsu, ya juye garin cikin kofin shayi, ya motsa da cokali, ya yi bisimilla ya sha. Bisimillar nan ita ta fi ba ni tsoro, domin ta nuna a zuciyarsa ba sha'awar maye ya zauna yi ba, guzurin aiki yake ɗauka. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai nauyin 50 ne ko 100, wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa yakan kai 225, kuma shi 'yan kabu-kabu da 'yan ƙwadagon noma da masu dakon buhuna ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi ke kira maganin gajiya. Da sunan magani yake shiga, sai ya zauna daram sa'an nan ya bayyana sunansa na gaskiya.

To, mu fara da abin da ba a yi saɓani a kansa ba. Malaman usulu, tun daga Imamu Gazali har zuwa Shaɗibi mai Muwafaƙat, sun tabbatar cewa shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar, wato addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Kuma duk wanda ya yi tadabburi zai ga hankali ne ke riƙe da ragamar sauran huɗun, tun da yake da shi ake sanin Ubangiji, da shi ake ɗora wa bawa taklifi, in ya gushe kuwa sai salla ta ɓaci, aure ya raunana, akuyar tsohuwa ta tafi kasuwa. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misira, ya rarrabe masu taɓa hankali gida uku a littafinsa Furuƙ: muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi, mufsid, mai dagula shi ba tare da nishaɗin ba, da murƙid, mai kwantar da mutum ya ɗauke masa ji da gani. Ya sanya wiwi a kashi na biyu, ya ce ta'aziri ake yi wa mai shanta, alhali Ibnu Taimiyya ya haɗa ta da giya ya wajabta haddi. Duk da saɓaninsu, ba wanda ya halatta wa mutum ya kashe fitilar da Allah ya kunna masa. Hasali ma mazhabarmu ta tsananta, domin a mashhurin zance, wanda ya bugu da gangan ya saki matarsa, sakin ya auku, in ya yi ɓarna kuma ya biya, don kada maye ya zama mafakar mai laifi.

Da a ce magana ta tsaya nan, da uban yaron nan ya yi daidai. Amma akwai wani abu da ke aukuwa cikin jikin ɗan Adam wanda rantsuwa ba ta warware shi. Tiramol da kodin dangin afiyun ne a wajen aiki, kodin ma hanta ce ke juya wani sashe nasa ya koma mofin. Idan jiki ya saba da su, sai ƙwaƙwalwa ta sake ma'auninta, ƙwaya biyun da ke isa bara su kasa isa bana, har mutum ya kai inda ba don jin daɗi yake sha ba, sai don ya tsere wa azabar rashi. Ran da ya bari, sai hamma da gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taru a kansa, ya ji kamar ana sassaƙa ƙasusuwansa. Mai shan roci da danginta kuwa, in ya yanke farat ɗaya, yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, har ransa ya shiga hatsari. Saboda haka kofin farko zaɓi ne, kuma zunubi ne ba shakka, amma kofi na ɗari ɗaure ne, wanda ke cikinsa yana ƙin abin da hannunsa ke kai wa bakinsa.

Kada wani ya zaci wannan fahimta baƙuwa ce da Turawa suka kawo. An tambayi Ibnu Hajar Alhaitami, muftin Makka wanda ya rasu a shekara ta 974 bayan hijira, hukuncin wanda afiyun ya kama har ya zama in ya bari zai halaka, sai ya ba da fatawa cewa idan an tabbatar da haka, to, hukuncinsa hukuncin wanda yunwa ta tilasta wa cin mushe ne, amma wajibi ne a kansa ya riƙa ragewa kaɗan kaɗan har jiki ya yaye, in kuwa ya ƙi ragewar ya zama mai saɓo. Ga malami tun fiye da shekara 400 da suka shige ya haɗa abu biyu da mu yau muke raba su: bai ɗauke wa mashayi alhaki ba, bai kuma musanta cewa jikinsa ya kamu ba. Ya sauya wa alhakin wuri ne kawai, ya mai da shi wajabcin neman waraka.

Alal haƙiƙa wannan ita ce hanyar da wahayi kansa ya bi da al'ummar farko. Ba a dare ɗaya aka haramta giya ba: an fara bayyana a Suratul Baƙara cewa cutarta ta rinjayi amfaninta, sa'an nan a Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, wanda ya ƙuntata wa mashayi lokutan sha, daga bisani hani yankakke ya sauka a Suratul Ma'ida, aka tuntsurar da tuluna har giya ta gudana a lungunan Madina. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka kafin imani ya kafu, da mutane sun ƙi bari. Hukunci dai ya tabbata, ba mai sake buɗe ƙofarsa. Abin da ya rage mana shi ne hikimar tarbiyya da ke ciki, wato a gina zuciya, a sauya zama, a rage hanya, kafin a ce da mutum ya saki abin da ya riƙe shi.

Game da yin baki kuwa, Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai barkwanci, wanda yakan sa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, dariya, kuma an sha kawo shi ana yi masa bulala saboda giya. Ran nan da aka sake kawo shi, wani ya la'ance shi don yawan komawarsa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. Ga bulala ta sauka, ga shaidar ƙauna ta biyo baya, a kan mutum ɗaya, a majalisi ɗaya. Daga nan malamai suka bambanta la'anar da ta zo a kan aikin a dunƙule, wadda ta haɗa mai matsawa da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗin, da la'antar wani mutum ayyananne, wanda ba a san da me zai cika ba. Uwar da ta yi wa ɗanta baki ta taimaki Shaiɗan a kansa, alhali hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mari fa? Iyaye ba don mugunta suke kai 'ya'yansu ba, sai don sun rasa tudun dafawa. Amma abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, da wanda aka sake gani a Daura wata guda bayan haka, ya isa wa'azi. Haddi a shari'a yana da adadi, yana da alƙali, yana da shaidu, yana da ranar ƙarewa. Ɗaurin da ba alƙalin da ya yanke shi, ba ranar kwance shi, ba shi da asali a Risala ko Muhtasar. Ƙarfe yana tsare ƙafa daga zuwa wurin dila, amma ba ya taɓa abin da ke kai ƙafar, shi ya sa da yawa ran da aka kwance su ran nan suke komawa.

In ana neman inda za a sauke fushi, to, ga mai sayarwa nan, wanda ya san abin da ke cikin kwalinsa, yake miƙa wa yaro da hannun dama yana karɓar kuɗi da na hagu. Mutanen Shinkafi da Zurmi sun fi kowa sanin ƙarshen wannan ciniki, domin hanyar da ƙwaya ke bi ta shiga gari ita take bi ta shiga daji wurin 'yan bindiga, yaron da aka ɗauke wa hankali kuwa ba ya jin kukan wanda ke roƙonsa. Nan ne aikin hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, da Hisba da alƙalai yake, kuma nan ne tausayi ke zama zalunci. Ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: garin da gonakinsa suka gagara nomawa, samarinsa suka wayi gari ba makaranta ba sana'a, kada ya yi mamakin abin da suka samu suka cika ranarsu da shi.

Amsar tambayarmu ke nan, gwargwadon abin da Allah ya sanar da ni: mashayi mai laifi ne a mashiga, majinyaci ne a ciki, mukallafi ne kuma a mafita, domin neman magani ya hau kansa, taimaka masa kuwa ya hau kan jama'a a matsayin farali kifaya. Malami ba zai maye gurbin likita ba, likita ba zai maye gurbin malami ba. Ɗaya yana yaye jiki da ma'auni, ɗaya yana raya tuba da fata, dangi kuma su tanadi aikin yi da abokan zama na kirki, su kuma sani komawa bayan bari ba ƙarshen magana ba ne, kamar yadda mai tuba in ya sake faɗuwa ba a rufe masa ƙofa.

Washegari tsohuwar ta zo da yaron, siriri, idanunsa sun yi ja, yana ta hamma yana sunkuyar da kai. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya tambaye shi nawa yake sha a yini, ya saurara har ya gama, sa'an nan ya sa aka nemo kawunsa, ya ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, ya ciro kuɗin mota daga ƙarƙashin buzunsa ya miƙa. Da za su tashi ya kama hannun yaron ya ce, "In ka dawo, wurinka na nan a sahun Asuba, bayana. Ko ka sha, ka bari ya sake ka ka zo. Ko ba ka sha ba, ka zo." Tsohuwar ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ɗauki takalmanta a hannu, suka fita, almajiri na gaba ya matso ya buɗe littafinsa a babin tsarki.