Ƙanƙan da Kai a Gaban Tukunyar Wasu

A shekarar 2008 Koriya ta Kudu ta kafa dokar tallafa wa iyalan da ɗaya daga cikin ma'auratan baƙo ne. Yau akwai cibiyoyi fiye da 200 a faɗin ƙasar da ke wannan aiki, kuma yawancin masu zuwa mata ne da aure ya kawo daga Sin, Biyetnam da Filifin. Ana koya musu harshe, ana kuma koya musu girki. Ɗalibai da ma'aikata baƙi su ma suna samun irin waɗannan azuzuwa a Seoul da Ansan da sauran birane. A cikin waɗannan madafai ne ake gane wanda zai zauna lafiya a ƙasar da wanda zai daɗe yana baƙunta, kuma a ganina abin da ke raba su shi ne ƙanƙan da kai.

Dubi matar da ta shekara ashirin tana ciyar da gida a ƙasarsu, har maƙwabta na yabon hannunta. Ga ta tsaye an ɗaura mata kyallen girki, wata tsohuwa na nuna mata yadda ake barbaɗa gishiri a tsakanin ganyen kabeji. Za a bar shi sa'o'i har ganyen ya lanƙwasa bai karye ba, a wanke, a tsane, sannan a shafe shi da garin barkono, tafarnuwa, citta da ƙananan jatan lande masu gishiri. Haka ake yin kimchi. Idan ta tambayi yawan gishirin, sau da yawa amsar ita ce “daidai gwargwado”, domin tsofaffin Koriya da hannu suke awo. Zuciyarta za ta ce mata: ke da kika aurar da 'ya'ya, yau ke ake koya wa gishiri? Wannan muryar ce abokiyar gaba.

Girman kai a baƙunta ba kasafai yake zuwa da ɗaga murya ba. Ya fi zuwa da gyaɗa kai. Malama ta yi bayani da sauri, ɗaliba ba ta fahimci ko rabi ba, amma sai ta ce “ne, ne”, wato e, e, don kada a ga gazawarta. Mutane na kiran wannan kunya, har su yaba. Ni ban yarda ba. Kunyar da ke hana ka cewa “ban gane ba” girman kai ne ya yafa mayafi, kuma tukunya ba ta rufa masa asiri. A madafar Koriya akwai ruwan waken suya iri-iri: na miya ya fi gishiri, launinsa bai kai na soye-soye duhu ba. Wadda ta gyaɗa kai alhali ba ta ji bambancin ba za ta zuba wannan a wurin wancan, kuma duk wanda ya kai cokali baki zai san ba ta tambaya ba.

Harshen kansa yana tilasta wa baƙo ya sunkuya. Haruffan Hangul, waɗanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443, suna da sauƙin koyo, har mutum ya ɗauka ya gama. Sai ya tarar ana ƙirga sa'a da lambobin asali na Koriya, a ƙirga minti da lambobin da aka aro daga Sinanci. Ya tarar yadda ake ce wa yaro ya ci abinci daban yake da yadda ake faɗa wa dattijo, shi ya sa 'yan Koriya suke tambayar shekarunka tun haɗuwar farko, don su san irin maganar da ta dace da kai. Maƙwabciya ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya zauna jiran a kawo kwano, ashe gaisuwa ce kawai. Ya ji dattijo na kurɓar miya mai tururi yana cewa ta yi sanyi, alhali nufinsa ta wanke masa ƙirji. Dole a yi dariya a irin waɗannan wurare. Mai ƙanƙan da kai yakan yi dariyar tare da su, ya tambayi daidai, gobe ya gyara. Mai girman kai kuwa yakan koma ɗaki ya ce mutanen nan ba sa son baƙi, ya daina zuwa aji.

Ba na musun cewa wasu baƙi na gamuwa da wulaƙanci na gaske a Koriya, musamman ma'aikatan gona da masana'antu, da matan da surukai ke matsa wa. Wannan zalunci ne, kuma ba a ce wa wanda aka zalunta ya ƙara sunkuyawa. Maganata a kan gyara ce. Wanda ya ce maka kada ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin hakan na tuna musu da bikin tunawa da mamata, ko ya ce ka jira babba ya fara ɗaukar cokali, alheri ya yi maka. Bahaushe ya ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma makaho ba ya fushi da ɗan jagora.

Ribar tana zuwa a ƙarshen kaka, lokacin kimjang, sa'ad da dangi da maƙwabta ke taruwa su haɗa kimchin da zai kai su ƙarshen hunturu. UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin gadon ɗan Adam a 2013. Wadda ta yarda aka koya mata, ita ake kira ta zauna a da'irar, a tura mata ɗanɗano a baki, ta koma gida da rabonta.

Ga ɗalibinmu Musulmi da karatu ya kai can, tambaya ta zama wajibi. Doenjang, wato dakakken waken suya da aka bari ya ruɓa, ba zai ba wanda ya tashi da daddawa tsoro ba. Amma naman alade na ko'ina, kuma ana zuba giyar girki a nama da kifi don kashe ƙarni. Wanda ya gyaɗa kai don kada a ce bai waye ba zai ci abin da addininsa ya hana. Wanda ya koyi sunayen abubuwan nan, ya tsaya gaban malama da guntun harshensa ya ce ba ya cin kaza da kaza, ya tambayi abin da zai maye gurbinsu, zai iya sayo naman halal a shagunan da ke kewaye da Babban Masallacin Seoul a unguwar Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, ya jiƙa naman da ruwan waken suya, tafarnuwa da man riɗi, ya gasa shi ya zama bulgogi tare da 'yan ajinsu.